Bangon wani, zanen wani: ina doka ta tsaya kan masu fesa fenti a katangun Kano?

Duk wanda ya bi Zoo Road ko ya ratsa ta Gadon Ƙaya ya nufi Kabuga ya san a garin nan ba a barin bango fari. Yau mai gida ya kashe kuɗinsa ya yi fenti, kafin sati ya zagayo an rubuta lambar mai maganin basir, a gefenta lambar masu yashe masai, ga tallan lesin na yara masu shirin jarabawa, ga sunan kulob ɗin ƙwallon unguwa, shi kansa mai gidan ya ɗauko ragowar fenti ya ƙara da nasa, an hana fitsari a nan, ko wannan gida ba na sayarwa ba ne. Lokacin siyasa kuwa ba a magana, fosta kan fosta har sai bango ya yi kauri. To a cikin wannan hayaniyar ne wasu matasa suka taso da fentin gwangwani na feshi da burushi, su ba talla suke ba, zane suke na gaske, wani ya zana dagin Arewa da launuka masu ɗaukar ido, wani mahayin doki ranar hawan Daushe, wani rubutu mai lanƙwasa wanda sai ka tsaya ka nutsu kafin ka iya karantawa. Shi ne abin da ake kira girafiti. Tambayoyi biyu ne ke yawo a tsakanin yaran nan, ɗaya ta tsoro ɗaya ta haƙƙi. Shin za a iya kama ni a kan wannan? Sannan in na zana wani ya zo ya goge, ko ya ɗauki hoton ya buga a riga yana sayarwa, ina da bakin magana?

Amsar duka biyun e ce, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Mutum ɗaya, zane ɗaya, amma a wata kotun shi ne wanda ake tuhuma, a wata kotun kuma shi ne mai ƙara. Dalili kuwa doka ta raba abin gida biyu, bango na mai bango ne, hoton da ke jikinsa kuma na wanda ya ƙirƙiro shi ne, kuma dokokin da ke kula da kowanne ba su ma haɗa hanya ba.

Mu fara da ɓangaren tsoron tunda shi ya fi kusa da wuya. A kundin laifuka na Final Kod da ake aiki da shi a Arewa tun 1960 ba za ka ga wani sashe da aka rubuta masa laifin zane a bango ba, abin da ɗan sanda mai gabatar da ƙara zai karanto maka a gaban majistare shi ne laifin ɓarna, sashe na 326 ya fayyace shi, na 327 ya faɗi hukuncin, ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 2 ko tara ko a haɗa maka duka. Mutane da yawa in sun ji ɓarna tunaninsu sai an fasa ko an ƙona ko an rushe, shi ya sa yaro zai ce ai ni ban fasa komai ba, gyara ma na yi wa wajen. Amma sashen bai tsaya a rushewa ba, ya haɗa da duk wani canji da ka yi wa dukiyar wani wanda ya rage mata daraja ko amfani ko ya yi mata illa, matuƙar da niyya ka yi ko kana sane cewa zai iya jawo wa mai ita asara. Mai gida ya zaɓi ruwan madara ya shafa wa katangarsa, kai ka zo cikin dare ka mayar da ita ja da shuɗi, yanzu sai ya sayi fenti ya biya fenta kafin ta koma yadda yake so, to wannan kuɗin shi ne asarar. Kamar ka ɗauki babbar rigar mutum ne ka yi mata aiki a wuya bai sa ka ba, ko da aikin ya fi na kowa kyau a Kurmi, rigarsa ce kuma bai ce yana so ba. Alƙali ba zai tambaye ka ko zanen ya yi kyau ba, abin da zai tambaya shi ne wa ya ba ka izini. A Kudu ma haka abin yake, kundin laifukansu daban ne da namu amma sashe na 451 ya tanadi shekara 2 ga wanda ya lalata dukiyar wani da gangan.

Kuma ba kasafai tuhumar ke zuwa ita kaɗai ba. In ka haura katanga ko ka shiga harabar makaranta ko kangon wani don ka samu bango mai faɗi, an samu laifin shiga hurumin wani da niyyar aikata laifi, sashe na 342 da 348, shi kuma har shekara 1. In ku uku ne kuka shirya tare sai a ƙara muku da haɗa baki. Kango ma fa yana da mai shi, don ka ga gini ya shekara goma ba rufi ba ya nufin ya zama na kowa da kowa. Bayan hukuncin laifi mai bangon yana da damar ya shigar da ƙarar neman diyya daban, a biya shi kuɗin fenti da na aiki, kuma in kotun Shari'a ya nufa nan ma ƙa'idar a bayyane take, wanda ya ɓata dukiyar wani shi ke lamuninta, duk wanda ya yi Arba'una a islamiyya ya haddace hadisin ba cuta ba cutarwa.

Sai kuma abin da zanen ya ƙunsa, wanda a Kano shi ya fi saurin jawo wa mutum masifa fiye da fentin kansa. Ka rubuta sunan wani a bango ka ce ɓarawo ne, ga ɓata suna nan a sashe na 391 da 392. Ka zana abin da ya taɓa addini, ga sashe na 210, ga kundin laifuka na Shari'a da jihar ta kafa a 2000, sannan kowa ya sani a irin wannan maganar tun kafin a kai ga kotu ran mutum ma yana cikin haɗari. Ga Hisbah, wadda a 2021 ta hana teloli da masu shaguna amfani da mutum-mutumin tallan kaya, wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai zane cewa hoton mace a bangon titi, ko da da yardar mai bango aka yi shi, zai iya sa a kira shi ofis. Wasu za su ce ai sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, gaskiya ne, kuma zane ma magana ce. Amma sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita wannan 'yancin saboda zaman lafiya da tarbiyyar jama'a da kare haƙƙin wasu, sannan 'yancin magana bai taɓa zama 'yancin yin magana a jikin dukiyar wani ba. Kana da damar ka soki gwamna a takardarka ko a bangon gidanku, ba ka da damar ka soke shi a katangar maƙwabcinka ka bar shi da 'yan jagaliya washegari.

Akwai bangon da nake roƙon kowa dan Allah ya nisance shi gaba ɗaya, wato badala da ƙofofin gari. Ganuwar nan Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta wajen ƙarni na 12, sarakuna irin su Muhammadu Rumfa suka faɗaɗa ta, tana cikin kayan tarihi na ƙasa da ke ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya, kuma dokar da ta kafa hukumar a 1979 ta mayar da lalatawa ko ɓata fuskar irin waɗannan wurare laifi mai zaman kansa. Tun 2007 ganuwar take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Na san za a ce masu gine-gine sun cinye badalar, masu haƙar ƙasa sun zaftare ta, me fentin yaro zai ƙara? Wallahi wannan ciwon kowa na jin sa, amma ɗan abin da ya rage a wajen Ƙofar Na'isa da Ɗan'agundi da Gadon Ƙaya ginin ƙasa ne, in ya sha fenti ba a wanke shi sai dai a kankare, in an kankare kuma tarihin ake kankarewa.

Gadoji da katangun makarantun gwamnati da asibitoci su ma mutane na ɗaukarsu ba su da mai su, alhali dokar ɓarna ta ambaci asarar jama'a kamar yadda ta ambaci ta mutum ɗaya. Gadar Ƙofar Nasarawa ko ta ƙasa ta Ɗangi dukiyar gwamnati ce, kuma akwai hukumomin da ke da ta cewa kan fuskar gari, irin su KNUPDA mai kula da tsara birni. To amma a nan ne nake da ƙorafi mai nauyi. Waɗannan gadojin su ne dai 'yan siyasa na kowace jam'iyya ke lulluɓewa da fosta da gam, a fesa sunan ɗan takara da baƙin fenti a jikin kankaren da aka kashe biliyoyi aka gina, zaɓe ya wuce a bar wa ruwan sama ya wanke. Ga sunan mutum ga hotonsa ga jam'iyyarsa a jikin takardar. Dokar da za ta hau kan yaron da ya zana doki ita ce dai ta hau kan wanda ya biya aka liƙa fostar, sashe ɗaya ne babu bambanci, amma a aikace wanda ba shi da kowa shi ake ja. In doka na cin wani tana barin wani a kan bango ɗaya, da wuya ka gamsar da matashi cewa don tsaftar gari ake yi.

In ta faru an kama ka, ga abin da ya kamata ka sani. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauya ko wanda ka zaɓa, dole a sanar da kai dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, sannan a kai ka kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, wanda a cikin birnin Kano babu caji ofis ɗin da zai ce kotu ta yi masa nisa. Laifin ɓarna ana ba da belinsa, kuma beli a caji ofis kyauta ne a doka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama babanka ko yayanka a madadinka. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta duka don a tilasta maka amsa laifi. Wanda ba shi da kuɗin lauya akwai hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta ta tarayya. Amma gaskiya abin da ya fi ba ni tsoro ba caji ofis ba ne, mintunan farko ne kafin a kai ka can. Matashi da jaka a baya, ƙarfe biyun dare, yana tsaye jikin katangar mutane, a unguwar da ake fama da 'yan daba da masu ƙwacen waya, 'yan sintiri ba za su tsaya tambayar ko gwangwanin fenti ne a jakar ba. Babu dokar da ta ba su damar dukan kowa, aikinsu su miƙa wa hukuma, amma wanda aka karya wa haƙarƙari an riga an karya masa. Yawancin irin wannan rigimar dai in Allah ya sa an kai safiya lafiya a zauren mai unguwa take ƙarewa, iyaye su zo a ba da haƙuri a sayi fenti a mayar da bango yadda yake, kuma ni a ganina wannan ya fi wa kowa.

Sauran ƙasashe ma kowa da hanyar da ya bi. Singafo ta zaɓi bulala, dokarta ta 1966 ta tanadi ɗauri da bulala, a 1994 aka yanke wa wani matashi Ba'amurke mai suna Michael Fay wata 4 da bulala 6 bisa laifin da ya haɗa da fesa wa motoci fenti, sai da shugaban Amurka Bill Clinton ya sa baki aka rage bulalar zuwa 4. Birnin Niyok, inda wannan salon zanen ya yi tashe a jikin jiragen ƙasa tun wajen 1970, ya kwashe kusan shekara ashirin yana yaƙi da shi har zuwa 1989 da aka daina barin jirgi mai zane ya ɗauki fasinja. A Bogota ta Kolambiya kuwa sai da aka zubar da jini, a watan Agustan 2011 ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Diego Felipe Becerra da ya fita zane, abin ya tayar da hankalin jama'a, daga baya a 2013 hukumar birnin ta fitar da ƙa'idar da ta fayyace inda za a iya zane da inda ba za a iya ba, yanzu har baƙi ke zuwa yawon kallon bangunan garin. Barazil a 2011 ta gyara dokarta ta ce zanen da aka yi don ƙawata waje da yardar mai shi ba laifi ba ne, ta kuma hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 fentin feshi.

Yanzu mu juyo ɓangaren haƙƙi, wanda yawancin masu zanenmu ba su ma san suna da shi ba, kuma nan ne ake cutarsu kullum. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ta maye gurbin tsohuwar ta 1988. A ƙarƙashinta zane yana samun kariya da zarar mai shi ya yi ƙoƙari ya ƙirƙiro abin da yake nasa, sannan ya tabbatar da shi a jikin wani abu da ake iya gani, bango ne ko takarda ko allon kwamfuta. Ba sai ka yi rajista ba, ko da yake ajiye bayanin aikinka a hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa yana taimakawa ranar shari'a. Kariyar tana nan duk tsawon rayuwarka da shekara 70 bayan rasuwarka, wato har jikokinka za su gada. Ma'ana kai kaɗai ke da ikon a kwafi zanen, a buga shi a riga ko kalanda ko allon talla. Mai shagon da ya biya ka dubu talatin ka zana masa bango, aikin da ke bangon ya saya, bai sayi ikon ya ɗauki hoton ya mayar da shi tambarin kamfaninsa yana bugawa a leda da kwali ba, sai in kun yi haka a rubuce, don doka ta ce miƙa haƙƙin mallaka ga wani dole ya zama a rubuce. Sannan akwai haƙƙin da ke manne da kai ko ka sayar da sauran, a ambaci sunanka a matsayin mai aikin, kuma kana iya ƙin yarda a jirkita shi ko a yi masa kwaskwarimar da za ta zubar maka da mutunci. Ƙarar irin wannan Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, ba kotun majistare ba.

Akwai dai iyaka, kuma ta shafi Kano sosai saboda Kannywood. Dokar ta yarda zanen da ke wajen da jama'a ke gani ya fito a cikin fim ko shirin talabijin ba tare da an nemi izini ba. Don haka in jarumi ya wuce ta gaban bangonka kyamara ta ɗauko, ba ka da ƙara. Amma a yanko hoton zanen shi kaɗai a mayar da shi kayan sayarwa, wannan wata magana ce daban.

To wanda ya zana ba da izini ba fa, shi ma yana da wannan haƙƙin? Sharuɗɗan da dokar ta gindaya ba su ambaci yardar mai bango ba, sun tsaya ne kan ƙirƙira da tabbatar da aikin. Amma matsalar a fili take, ranar da ka tsaya gaban alƙali ka ce ni na zana, ranar ka amsa laifin ɓarna da bakinka. An taɓa gwada wannan a Amurka a 2018, kamfanin tufafi na H&M ya ɗauki talla a gaban zanen wani mai suna Jason Williams da aka fi sani da Revok a wani filin wasa a Niyok, da ya rubuta musu su daina sai suka garzaya kotu suna neman a ce zanen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba ba shi da kariya, masu zane suka yi ca a intanet suna kiran a ƙaurace wa kayansu, kamfanin ya janye ƙarar kafin a kai ga hukunci.

Shari'ar da ta fi girgiza wannan harkar ita ce ta 5Pointz. Wasu tsofaffin gine-ginen masana'anta ne a Niyok, mai su Jerry Wolkoff ya bar masu zane suna aiki a jikinsu shekara da shekaru da yardarsa, har wajen ya zama abin zuwa kallo daga ƙasashe. Da ya tashi rushewa don ya gina benaye, a watan Nuwambar 2013 ya sa aka shafe zanen da farin fenti cikin dare. Masu zane 21 suka kai ƙara ƙarƙashin wata dokar Amurka ta 1990 da ta hana lalata aikin fasaha da ya yi suna, wadda ta ce a irin wannan yanayin a ba mai aikin sanarwar kwana 90 ya samu damar cire abinsa. A Fabrairun 2018 alƙali Frederic Block ya ce a biya su dala miliyan 6.75, wato dala dubu 150 kan kowane ɗaya daga cikin zane 45, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2020, kotun ƙoli ta ƙi sauraron ƙorafin mai ginin. Abin lura a nan, babu wanda ya hana shi rushe gininsa, ginin nasa ne kuma ya rushe shi, abin da ya ci shi gaggawar shafewa ba sanarwa, sannan tun asali da izininsa aka yi aikin. Kada wani ya karanta wannan ya ce shikenan nima in an goge nawa a Hotoro zan samu miliyoyi. Dokarmu ta yi maganar jirkitawa da wulaƙanta aiki, ba ta fito ta tanadi sanarwar kwana 90 irin ta Amurka ba, shi ya sa a nan takardar yarjejeniya ce za ta yi maka wannan aikin. Mun ga misali a gida ma, a watan Yunin 2023 da aka rushe shataletalen gidan gwamnati wanda aka gina don tunawa da cikar jihar shekara 50, gwamnati ta kawo dalilanta ciki har da na tsaro, jama'a suka rabu biyu ana ta muhawara, amma kusan duk muhawarar ta siyasa ce, 'yan kaɗan ne suka tsaya tambayar mene ne haƙƙin wanda ya zauna ya tsara abin.

Wajen wa ma za ka nemi izinin? Wannan tambayar ta fi yadda ake zato muhimmanci a garin da rabin shaguna na haya ne. A Ingila an yi shari'a a 2015 kan wani zanen shahararren mai zanen nan Banksy a garin Folkestone, ɗan haya ya yanke ɓangaren bangon ya tura Amurka don a sayar, babbar kotu a Landan ta ce ba nasa ba ne, na mai ginin ne, aka dawo da shi. Haka yake a nan, mai shayi ko mai aski da ke haya zai iya ce maka zana kawai ba komai, gobe mai gida ya zo ya ce shi bai san zancen ba. Ka nemi mai ginin da kansa, in gidan gado ne ka nemi wanda magada suka wakilta, in makaranta ce kada ka tsaya a bakin maigadi ko wani malami da kuka saba, sai hedimasta ya rubuta, in da hali har sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya sani. Takardar ba sai ta lauya mai shafi goma ba, rabin shafi da Hausa ya isa, a rubuta wane bango ne, a manna samfurin abin da za a zana don kada a ce ba haka aka yi da kai ba, tsawon lokacin da zanen zai zauna, sati nawa za a sanar da kai kafin a goge don ka ɗauki hotuna, sunanka zai kasance a jiki, da wanda ke da ikon amfani da hoton wajen talla. Mai unguwa ko wani dattijo ya sa hannu a matsayin shaida, ka ɗauki hoton takardar a wayarka, ka yi aikinka da rana tsaka kowa na gani.

Kuma fa wannan ba baƙon tsari ba ne a wajenmu. Ƙawata bango sana'ar kaka da kakanni ce a Kano, duba Gidan Makama, duba Gidan Ɗan Hausa, duba soraye na Gidan Rumfa da fuskokin tsofaffin zaurukan cikin gari da zankwayensu da dagi da zanen takobi, magina ne suka yi, har sarautar Sarkin Gini gare su. Mai gida ne ke kiran magini, a yi ciniki, ya zuba basirarsa a bangon da ke kallon titi, duk mai wucewa ya san hannun wane ne. Yaran da ke riƙe da gwangwanin feshi yau wannan gadon suke ɗauke da shi ko sun sani ko ba su sani ba, abin da suka rasa shi ne wanda zai kira su.

Shi ya sa nake ganin gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin cikin birni, Dala da Gwale da Fagge da Tarauni da Nasarawa da Birni da kewaye, suna da aikin da ba ya cin kuɗi sosai. A ware katangun da kowa zai san an yarda a yi zane a jikinsu, na firamare da na filayen wasa da wasu ɓangarorin gadoji, a samar da fom mai sauƙi a sakatariya wanda matashi zai cike ya haɗa da samfurin zanensa a ba shi amsa cikin sati biyu ba sai ya san wani ba, a bayyana wuraren da ba a taɓawa sam, badala da masallatai da maƙabartu da allunan hanya. Wanda ya karya bayan an buɗe masa wannan ƙofar sai a hukunta shi, da shi da mai fosta ba bambanci. Hukuncin ma akwai mafita a doka, dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, ciki har da yi wa al'umma aiki. Yaro ɗan shekara 19 da aka kama karon farko da gwangwanin fenti, majistare na iya sa shi ya sayi fenti ya gyara bangon da ya ɓata ya ƙara da na ajujuwan makarantar unguwarsu, maimakon a tura shi gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse ya yi wata shida ɗaki ɗaya da masu fashi saboda iyayensa sun kasa cika sharuɗɗan beli.